Alli na Zamani: Yadda Za Mu Yi Zane da Rubutu a Kan Allon Kwamfuta Ba Tare da Biyan Kuɗi Ba

 A wannan fitowa za mu amsa tambayar da shugabannin ƙungiyoyi, da malaman yaƙi da jahilci, da matasan da suke kula da kwamfutar ikilisiya suke yawan yi mana. Suna tambaya ko akwai hanyar da mai koyarwa zai ja layi, ko ya zagaye wani abu, ko ya yi rubutu a kan hoton da kwamfuta take nunawa, kamar yadda malami yake yi da alli a kan baƙin allo. In kuwa akwai, nawa ne kuɗinta?

Akwai hanya, kuma ba sai an biya ko kwabo ba. Sai dai ana bukatar lura wajen nemanta, domin a intanet ba duk abin da aka rubuta masa "kyauta" ne kyauta ba. Za mu bi maganar daki-daki.

ME YA SA MUKE BUKATAR WANNAN?

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dattawanmu suna tuna motar majigi da take zagaya garuruwa tun zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai a 1960, tana nuna hotunan noma da na tsabta da daddare. A gefen motar akwai mai bayani da Hausa, domin an san hoto yana bukatar wanda zai ce wa jama'a, "Ku dubi nan."

Yau majigi ya ƙanƙance, yana shiga jaka tare da kwamfutar hannu, amma bukatar tana nan. In mai koyarwa ya tashi da sanda don ya nuna abu a bango, inuwarsa ta rufe hoton. In ya zauna ya yi nuni da 'yar kibiyar kwamfuta, na layin baya ba sa ganinta. Ga shi kuma da yawa daga cikin masu zuwa taronmu, mu da maƙwabtanmu, ba sa karanta boko, rubutun da yake jikin hotunan kuwa yawanci da Turanci ne.

Ga misalai uku daga aikinmu na yau da kullum.

Na farko, tsutsar nan mai cin masara da dawa, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016. Ana gane ta da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiyarta. A hoto waɗannan alamomi ƙanana ne ƙwarai. In aka faɗaɗa hoton aka zagaye su da jan layi, manomi zai riƙe su a ransa har gona, ba zai kashe kuɗin feshi a kan tsutsar da ba ita ba.

Na biyu, buhun adana wake mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje, kuma kowanne ana ɗaure bakinsa daban bayan an matse iska. Wanda ya haɗa su ya ɗaure a tare, ko ya bar huda a leda, ya bai wa ƙwari iska. Kibiya uku a kan hoton, ɗaya ga kowane ɗauri, sun fi dogon bayani.

Na uku, zaren awon damtsen yara 'yan wata 6 zuwa wata 59. Ana awo a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In awon ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗarin tamowa mai tsanani, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Rawaya, daga 11.5 zuwa 12.5, gargaɗi ne. Uwar da ta ga an ja layi a daidai wurin da ake ɗaura zaren za ta iya yi da kanta a gida. A nan layi ɗaya yana iya zama dalilin ceton rai.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Ku ɗauka an shimfiɗa farar leda mai shara-shara a kan hoto, aka ba ku alƙalami. Kuna zane a kan ledar, hoton yana ƙasa ba abin da ya taɓa shi. Da kun gama sai ku yaye ledar. Haka waɗannan manhajoji suke yi. Suna ɗora shimfiɗa marar launi a kan duk abin da allon kwamfuta yake nunawa, ko hoto ne, ko taswira, ko jadawalin lissafi, ko bidiyon da aka tsayar. Ana zanen da linzamin kwamfuta, wanda matasa suke kira maus. Kada kowa ya ji tsoron cewa zai ɓata takardun da suke cikin kwamfutar.

KYAUTA IRI-IRI CE

Kafin a sauke kowace manhaja, a san irin kyautar da take.

1. Akwai manhaja mai 'yanci. Masu ita sun bayyana yadda aka gina ta, sun kuma ba kowa izinin amfani da ita, da kwafa, da raba wa wasu. Wannan tafiya ta samo ƙarfi ne daga aikin da Richard Stallman ya fara a Amurka a 1983.

2. Akwai wadda kamfani ya yi, ya bayar a yi amfani da ita ba biya.

3. Akwai ta ɗanɗano. Takan yi aiki na 'yan kwanaki, ko a buɗe wani sashe a kulle wani, sannan a nemi kuɗi, wani lokaci kowane wata, kuma da dala.

4. Akwai ta sata. Manhajar sayarwa ce wani ya fasa makullinta, ana raba ta a filashi ko a shagon gyaran kwamfuta.

Ta farko da ta biyu su muke nema. Ta uku halal ce, amma a karanta sharuɗɗanta da kyau, kada kuma a shigar da lambar katin banki don a gwada ta. Ta huɗu mu guje ta. Haƙƙin wani ne, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare manhajojin kwamfuta, kuma bai dace kayan ikilisiya su ɗauki abin sata ba. Ban da haka, irin waɗannan manhajoji su ne babbar ƙofar ƙwayar cutar kwamfuta. Kwamfutar da ake nuna hotuna da ita sau da yawa ita ce take ɗauke da lissafin adashin mata da sunayen waɗanda suka karɓi iri. Araha ba ta ado, in ji masu magana. Ranar da lissafin shekara ya ɓace, zargi zai shiga tsakanin 'yan'uwa.

KU FARA DUBA ABIN DA YAKE HANNUNKU

Mai yiwuwa kwamfutarku tana da alƙalami tun tuni.

In kuna nuna darasi da PowerPoint, ku danna madannin Ctrl tare da P yayin da darasin yake kan allo. Kibiyar za ta koma alƙalami. Harafin E yana share zanen, B yana mai da allon baƙi, W yana mai da shi fari don a yi rubutu. PowerPoint kanta ta sayarwa ce. Wanda ba shi da ita yana iya amfani da Impress, wadda take cikin LibreOffice, manhaja mai 'yanci da aka fara a 2010. A cikinta ana danna gefen dama na linzami lokacin nuna darasi, sai a zaɓi alƙalami.

A Windows 10 da 11, danna madannin Windows tare da Shift da S yana yanko hoton wani sashe na allo, sannan a yi zane a kansa a adana. Tsohuwar manhajar Paint ma tana yin wannan aiki.

Masu babbar waya su ma ba a bar su a baya ba. A yawancin wayoyin Android, danna madannin kunnawa tare da na rage sauti yana ɗaukar hoton allo. A WhatsApp kuma, kafin a tura hoto akwai alamar fensir a sama. Manomi zai iya ɗaukar hoton ganyen da ya lalace, ya zagaye wurin, ya tura wa malamin gona.

Iyakar waɗannan ita ce, alƙalamin PowerPoint da na Impress a cikin darasinsu kawai suke aiki, sauran kuma sai an tsaya an ɗauki hoto tukuna. Mai son yin zane a kan komai nan take yana bukatar ɗaya daga cikin na ƙasa.

MANHAJOJIN DA MUKE BA DA SHAWARA A KANSU

ZoomIt. Mark Russinovich ne ya rubuta ta don amfanin kansa a wurin lacca. Tana cikin tarin kayan aiki na Sysinternals, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2006, kuma a 2025 an saka ta cikin PowerToys, wani tarin kyauta na kamfanin. Ƙarama ce, ba ta cin data sosai, ba ta bukatar a girka ta. Ana buɗe ta, a amince da sharuɗɗa sau ɗaya, sai ta koma ta zauna kusa da agogo a ƙasan allo tana jira. Da madannai ake sarrafa ta:

Ctrl da 1: faɗaɗa hoto.
Ctrl da 2: fara zane. A danne gefen hagu na linzami a ja.
R ja, G kore, B shuɗi, Y rawaya, O ruwan lemo.
A danne Shift ana ja: miƙaƙƙen layi.
A danne Ctrl ana ja: akwati mai kusurwa huɗu.
A danne Tab ana ja: da'ira.
A danne Ctrl da Shift ana ja: kibiya.
T: rubutu da madannai.
Ctrl da Z: goge na ƙarshe. E: goge duka.
Ctrl da S: adana hoton tare da zanen.
Esc: fita.
Ctrl da 3: agogon hutu, mai amfani lokacin da aka raba mutane rukuni-rukuni don tattaunawa.

A kwafi wannan jeri a kan kwali a manna shi kusa da kwamfutar.

gInk. Manhaja ce mai 'yanci ta Windows, ana samunta a dandalin GitHub. Ita ma ƙarama ce. Tana fito da ɗan layi mai ɗauke da alƙaluma masu launi da magogi, sai a taɓa wanda ake so. Ta dace da wanda haddace madannai yake ba shi wahala. Akwai ƙanwarta mai suna ppInk, wadda aka ƙara wa kibiyoyi da lambobi da rubutu.

OpenBoard. Wannan cikakken allon aji ne. Tana da shafuka kamar littafi, ana shigar da hotuna da takardun PDF a yi rubutu a kansu, ana adana darasin don mako mai zuwa, kuma tana da sashen yin zane a kan duk abin da yake kan allo. Asalinta daga Jami'ar Lausanne ta ƙasar Suwizalan ne a 2003. A 2010 wata hukuma ta gwamnatin Faransa ta saye ta, ta buɗe ta ga kowa da sunan Open-Sankoré domin makarantun Afirka. An ɗauko sunan ne daga Sankore, tsohon masallaci kuma cibiyar ilimi ta Tumbuktu a ƙasar Mali. Daga baya ma'aikatar ilimi ta Janeba ta ɗauki aikin ta ci gaba da shi da sunan OpenBoard. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ta fi sauran girma nesa ba kusa ba, don haka a sauke ta inda sabis yake da ƙarfi.

Gromit-MPX. Ta masu Linux ce, kamar Ubuntu. In an ba ku kyautar kwamfuta mai irin wannan tsari, ita za ku nema.

Za ku kuma ji sunan Epic Pen. Tana da sashen kyauta, amma wasu kayan aikinta sai an biya. Tana cikin iri na uku da muka ambata.

WACCE ZA MU ZAƁA?

Ga taron manoma ko na kiwon lafiya, inda ake son faɗaɗa hoto a zagaye abu, ZoomIt ta isa. Ga mai koyarwar da bai saba da kwamfuta ba, gInk ta fi sauƙi. Ga ajin yaƙi da jahilci da makarantar Lahadi, inda ake bin darasi mako-mako, ana nuna yadda ake jan harafi ko ana bin hanya a kan taswira, OpenBoard ta fi dacewa. A zaɓi ɗaya a ƙware da ita. Taura biyu ba ta taunuwa.

Dukansu ba sa bukatar intanet bayan an sauke su. Rubutunsu na umarni da Turanci yake, amma abin da za a zana da hannu namu ne: Hausar boko, ajami, lambobi, ko alamar da mutanen ƙauye suka riga suka sani. Rubutu da linzami yakan fito a karkace da farko. Akwai ƙaramin faifan rubutu mai alƙalami da ake haɗawa da kwamfuta, amma shi na kuɗi ne, kuma ba dole ba ne. Da'ira da kibiya da layi sun isa yawancin aikinmu.

YADDA ZA A SAUKE LAFIYA

1. A tura mutum biyu, wanda ya iya kwamfuta da wanda zai koya. In sabis ba shi da ƙarfi a ƙauye, a haɗa da wata tafiya zuwa Tambuwal, ko Jega, ko Sakkwato.

2. A rubuta sunan manhajar daidai. A sauke ZoomIt daga shafin Microsoft kawai, gInk da ppInk daga shafinsu na GitHub, OpenBoard daga shafinta na kanta. Sakamakon farko da bincike yake kawowa sau da yawa talla ne.

3. In shafi ya cika da manyan maɓallai masu walƙiya, ko ya ce kwamfutarku ta kamu da cuta, ko ya nemi lambar waya ko ta banki, a rufe shi.

4. A duba irin Windows ɗin da yake kan kwamfutar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Irin waɗannan kwamfutoci suna ci gaba da aiki, amma kariyarsu ta ragu, kuma sabon fitowar manhaja yana iya ƙin buɗewa a kan tsofaffin. Gara a rage shiga intanet da su.

5. Kafin a saka komai sabo, a kwafi lissafin ƙungiya a filashi dabam, a ba ma'aji ya ajiye. Littafin lissafi na takarda kuma kada a daina cika shi.

6. A ware filashi ɗaya don manhajojin nan. A bincika shi da manhajar kariya duk lokacin da ya dawo daga wata kwamfuta. Ikilisiyar da ta samu tana iya nuna wa maƙwabciyarta hanya, kuma masu 'yanci irin su gInk da OpenBoard an yarda a kwafa wa juna su.

RANAR TARO

A gwada komai kwana ɗaya kafin taro. Man janareta yana da tsada, batirin sola yana da iyaka, bai kamata jama'a su zauna suna kallon mai koyarwa yana neman madanni ba.

A rufe tagogi, ko a sa taron da yamma. A ƙara kaurin alƙalami, sannan wani ya je layin baya ya tabbatar ana gani. Ja da rawaya sun fi fitowa a kan hoton gona, kore kuwa yakan ɓace a cikin ganye.

Abu ɗaya a lokaci ɗaya. A zagaye, a yi bayani, a goge, sannan a wuce gaba. Allon da ya cika da zane ya zama kamar tsakar gidan da kaji suka tona.

A kira mutane su fito su zana da kansu. A ce wa uwa ta nuna inda za ta ɗaura zaren awo, a ce wa manomi ya nuna goshin tsutsar. Hannun da ya ja layi ba ya saurin mantuwa. Mata da 'yan mata su ma a ba su linzamin, kada ya tsaya a hannun samari kaɗai.

A adana hotunan da aka yi wa zane mai kyau, a tura wa masu waya don su nuna a gida. Bayan taro a bar majigi ya huce kafin a sa shi a jaka, musamman a zafin bazara, a kuma rufe kayan saboda ƙurar hunturu.

AMANAR MUTANE

Jan layi yana jawo ido, don haka yana iya kunyata mutum. Kada a haska sunayen waɗanda ake bi bashi a bango, balle a zagaye sunan wani a gaban taro. In za a koyar da cika littafin adashi, a yi amfani da sunayen misali. Kada a nuna hoton yaro marar lafiya ko gonar wani sai da yardar masu shi, kuma a rufe fuska in ba a bukatarta. Abin da aka adana aka tura a waya ba ya dawowa.

Inda babu kwamfuta ko babu wuta, darasi ba zai tsaya ba. Baƙin allo da alli, kwali da gawayi, ko tsinke a kan rairayi duk suna nan, kuma ƙa'idar ɗaya ce: a nuna wa mutum daidai wurin da ake so ya duba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Wane darasi ne muka taɓa nunawa wanda na baya ba su gane ba? Ina ya kamata a ja layi a kansa?

2. Wane irin Windows ne a kan kwamfutarmu, kuma daga ina manhajojin da suke cikinta suka fito?

3. In kwamfutarmu ta lalace yau, ina kwafin lissafinmu yake?

4. Su wane ne mutum biyu, mace da namiji, da za mu zaɓa su koyi wannan aiki su koya wa wasu?

Ku tattauna waɗannan a taronku na gaba, ku kawo amsoshin ta hannun shugaban ƙungiyarku. Ƙungiyar da take son a gwada mata da hannu ta sanar da ma'aikacinmu idan ya zo zagaye, ta kuma tanadi kwamfutarta da cikakken caji. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.